Yadda baƙo zai ci ya ƙoshi a Japan da kuɗi kaɗan

Da zarar ka ce za ka Japan, sai 'yan'uwa su fara tausaya wa aljihunka. Wani ya kawo labarin kankana guda da aka sayar a kan kuɗin rago, wani ya ce ai ƙasar ba ta talaka ba ce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba a wajen abinci take ba. Abin da ke cinye guzurin baƙo a can shi ne ɗakin kwana da kuɗin jirgin ƙasa, musamman mai gudun nan da suke kira Shinkansen. Ciki kuwa, in ka san inda za ka dosa da lokacin da za ka je, yen 2,000 zuwa 2,500 zai riƙe ka wuni guda, ci uku, ka kwanta a ƙoshe. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai-kawo ne a wajajen yen 150, sai ka yi lissafinka.

Abin da na gano a makonnin da na yi tsakanin Tokyo da Osaka shi ne, a Japan arha da kauce wa haram kusan hanya ɗaya suke bi. Wanda ya nace sai ya ci nama kullum, shi ne zai kashe kuɗi kuma ya kwana cikin kokwanto. Wanda ya karkata ga kifi da shinkafa da ƙwai da awara, ya huta ta fuska biyu. Shi ya sa wannan jagorar ta fi tsayawa a kansu.

Tun kana gida

Fara da jakarka. Kada ka saka kilishi, ko dambun nama, ko soyayyen naman layya, komai kyawun ƙullin. Dokar Japan ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da shi in babu takardar binciken hukuma, kuma tun 2020 tarar ta kai yen miliyan 3, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3. A filayen jirgin Narita da Haneda za ka ga ƙananan karnuka suna bin jakunkuna suna sunsunawa, aikinsu ke nan. Na san yadda uwa take cusa wa ɗanta kilishi a jaka ranar tafiya, da zuciya ɗaya, amma a nan sai ka ba ta haƙuri. Ɗanyen kayan gona ma, irin su goro da 'ya'yan itace, suna da nasu sharuɗɗan. Abin da ya fi amfani ka riƙo shi ne yajinka na gida a roba mai murfi, ka nuna shi a wajen bincike in an tambaya. Abincin Japan ba shi da yaji ko kaɗan a ma'auninmu, kuma cokali ɗaya na yajin ƙuli yana mayar da farar shinkafa da kifi abincin gida.

Na biyu, ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka warware tambaya biyu. Ta farko ita ce hukuncin abincin da aka dafa da mirin. Mirin wani ruwa ne mai zaƙi da ake yi da shinkafa, na asalin yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma yana shiga yawancin romo da miyar Japan kamar yadda magi yake shiga tamu. Shi ma shoyu, baƙin ruwan waken suya da ake tsoma komai a ciki, yana samun ɗan ɓurɓushin barasa wajen tsimuwa. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan. Ta biyu ita ce naman sa da kaza da ba a san wanda ya yanka ba. Ka samu matsaya tun kana gida, domin tsaye a gaban kanta da yunwa a cikinka ba lokacin neman fatawa ba ne.

Na uku, ka sauke harshen Japananci a manhajar Google Translate yadda za ta yi aiki ko babu intanet. Kyamararta tana karanta rubutun bayan leda. Amma kada ka dogara da waya kaɗai, ka haddace surar waɗannan kalmomi kamar yadda kake gane tambarin kamfani daga nesa: 豚 alade ke nan, suna cewa buta. ポーク shi ma alade ne. ラード kitsen alade. ゼラチン jelatin, wanda galibi daga alade ake samo shi. ベーコン da ハム naman alade da aka sarrafa. 酒 giya. みりん mirin. 酒精 barasar da ake ƙarawa don kada abu ya lalace. 牛 sa, 鶏 kaza. Jerin kayan haɗin yana ƙarƙashin kalmar 原材料名 a bayan kowace leda.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A jikin leda za ka ga an ware wasu kayan da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, kamar ƙwai, madara, alkama, gyaɗa da jatan lande. Waɗannan doka ce ta tilasta a rubuta su. Alade da jelatin kuwa shawara kawai aka ba kamfanoni su rubuta. Don haka rashin ganin 豚 a wannan ɗan akwatin ba shaida ba ce. Sai ka bi dogon jerin da kansa.

Kuɗin hannu

Kana sauka, ka ciri tsabar kuɗi. Injinan cire kuɗi na cikin shagunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin ƙasashen waje. Ƙananan gidajen abinci masu arha har yanzu da yawansu tsaba suke so. Ka kuma nemi katin jirgin ƙasa, Suica ko Pasmo a Tokyo, ICOCA a Osaka, ka zuba masa kuɗi, domin da shi za ka iya biya a ƙananan shaguna da injinan abin sha ba tare da tara sulalla ba.

Ba a ba da tukuici a Japan. In ka bar canji a kan tebur, mai hidima zai biyo ka da gudu har titi ya miƙa maka. Ruwan sha kyauta ne a kowane gidan abinci, ruwan famfo kuma lafiyayye ne a duk ƙasar, don haka gora ɗaya da za ka riƙa cikawa ta ishe ka. Harajin saye kashi 10 ne tun watan Oktoban 2019, amma abincin da za ka tafi da shi kashi 8 ne. In ka ga farashi biyu a jikin kaya, wanda ke kusa da 税込 shi ne abin da za ka biya.

Karin kumallo

Da safe wurinka shi ne konbini, wato ƙananan shagunan da galibinsu ba sa rufewa dare da rana. Manyansu uku ne: 7-Eleven, Lawson da FamilyMart, kuma sun haura 50,000 a ƙasar, a birni da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ci karo da ɗaya ba. Abin da za ka nema shi ne onigiri, curin shinkafa mai kusurwa uku da aka naɗe da busasshen ganyen teku, a tsakiyarsa akwai ɗan kifi ko wani abu mai gishiri. Farashinsa ya ɗaga tun da shinkafa ta yi tsada a 2024 da 2025, har ƙaramin buhu mai kilo 5 ya wuce yen 4,000, amma har yanzu za ka samu curi ɗaya tsakanin yen 150 da 200. Mafi sauƙin sha'ani shi ne shio musubi, shinkafa da gishiri kawai. Sai mai kifin salmon. Ko wanne ka ɗauka, ka juya bayansa ka duba, domin haɗin kamfanoni ya bambanta.

Ledar tana da lamba 1, 2, 3, kuma da dalili. An raba ganyen da shinkafar da siririyar leda don kada ya jiƙe. Ka kama bakin lamba 1 a sama ka ja shi ƙasa har ya zagaye curin ya raba ledar biyu, sannan ka ja kusurwar lamba 2 a hankali zuwa gefe, sai ta 3. Ganyen zai kwanta a jikin shinkafar da kansa, yana ƙaras-ƙaras. In ka yaga ta yadda ka ga dama, ganyen zai tafi da ledar ya bar ka da shinkafa tsirara.

Curi biyu, dafaffen ƙwai guda (nasu gishirin ya riga ya ratsa shi tun yana cikin ɓawo), ayaba ɗaya da kofi mai zafi na inji, duka a wajajen yen 700 ne. Soyayyar kazar da ke cikin gilashi kusa da mai karɓar kuɗi tana da ƙamshi mai jan rai, amma ba yankan Musulmi ba ce. Burodinsu ma sai an duba, don wani ana sa masa kitsen alade.

In kana neman masauki, ka duba ko suna ba da karin kumallo a cikin kuɗin ɗaki. Otal-otal ɗin Toyoko Inn, waɗanda kusan kullum suna dab da tasha, suna bayarwa kyauta: shinkafa, miya, ganye, wani lokaci kifi. Wannan kaɗai ya sauke maka kashi ɗaya cikin uku na nauyin wuni.

Babban cinka ya zama na rana

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne rage kashe kuɗi. Tsakanin ƙarfe 11:30 da 2 na rana, gidajen abinci suna fitar da farashin ma'aikata, kuma abincin da za ka biya yen 2,000 da dare za ka iya samunsa a kusan rabin haka. Ka je kafin 12 ko bayan 1, domin da 12 daidai ofisoshi suke fashewa, layi ya miƙe har waje. Inda ka ga masu baƙar kwat da leburori sun yi layi tare, nan ne wurin.

Abin da na fi ba mutanenmu shawara shi ne teishoku, wato tire guda mai ɗauke da shinkafa, ƙaramar miya, ɗan tsamin ganye da babban abu ɗaya. Ka nemi saba shioyaki. Saba shi ne kifin da muke kira titus, shioyaki kuma gashi da gishiri. Rabin kifi ne a tsage, fatar ta yi ƙuna-ƙuna tana tsartuwar mai, a gefe an kankare wani farin tushe mai ɗan yaji-yaji da suke kira daikon don ya kashe maiƙon. Ranar da na fara cinsa a wata rumfa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, na barbaɗa yajina a kai, ban san lokacin da na tashi da shinkafa kwano biyu ba. Ka riƙe kalmar shio, gishiri, da kyau, domin ita ce mabuɗinka. Kifin da aka ce shioyaki, a mafi yawan lokuta gishiri da wuta kawai ya gani. Wanda aka ce teriyaki, ko nitsuke, ko misoni, an dafa shi ne cikin mirin da giyar shinkafa.

Gidajen Yayoiken da Ootoya suna da rassa da yawa kuma teishoku ne sana'arsu, a wajajen yen 1,000. A Yayoiken ƙarin farar shinkafa kyauta ne, akwai inji a gefe da za ka ajiye kwanonka ka danna ya zubo maka. Abu ɗaya za ka kiyaye: in aka tambaye ka ko a canza maka miyar zuwa tonjiru, ka ce a'a. Miyar alade ce.

Da yawa daga cikin wuraren nan ba mutum za ka ba kuɗi ba, inji ne a bakin ƙofa. Ka fara saka kuɗin, madannan su kama wuta, ka danna abin da kake so, ƙaramin tikiti ya faɗo, ka danna wajen canji, ka shiga ka miƙa tikitin ko ka ajiye shi a gabanka. Sababbin injinan suna da allo da hotuna da Turanci. Tsofaffin kuwa rubutu ne zalla, nan kyamarar wayarka za ta yi aiki. Wasu tsofaffin ma ba sa karɓar sababbin takardun kuɗin da aka fitar a watan Yulin 2024, in ya tofo maka takardarka sai ka ce "sumimasen", wato gafara dai, mai shagon zai canza maka. Matafiya suna yawan cewa ka danna madannin sama na hagu don shi ne abincin da gidan yake taƙama da shi. Gaskiya ne, amma a gidan ramen, wato taliya cikin romo, wannan madannin romon ƙashin alade ne da yankan alade a sama. Ramen, in ba a gidan da ya rubuta halal ba, ka bar shi gaba ɗaya, ko da an ce maka na kaza ne ko na shoyu. Haka gyoza, tonkatsu, yakisoba da okonomiyaki, su ma galibi akwai alade a cikinsu. Shi ma curry irin na Japan, dunƙulen da ake kaɗa miyarsa da shi yawanci akwai kitsen dabba a ciki.

Sai taliya. Udon fara ce mai kauri ta alkama, soba kuma siririya ce mai duhu. A Marugame Seimen ko Hanamaru za ka ɗauki tire, ka faɗi irin da kake so da girmansa (a Marugame, nami shi ne madaidaici), ka bi layi kana ɗaukar soyayyen dankali ko kabewa ko jatan lande da ɗan matsi, ka biya a ƙarshe. Kwanon da ba a ɗora masa komai ba yana wajajen yen 400. Yankakken ganyen albasa da citta suna gefe, kyauta. A Marugame, ranar 1 ga wata ana sayar da kamaage udon, wadda ake kawowa cikin ruwan zafinta ka riƙa tsomawa a romo, a rabin kuɗi. Romon udon daga busasshen kifi da ganyen teku ake yinsa, babu nama, amma akwai mirin. Wanda ya zaɓi ya kauce masa sai ya nemi kamatama: taliya mai zafi da aka fasa wa ɗanyen ƙwai aka juya har ya yi kirtim, babu romo, kai ne za ka zuba abin ɗanɗano da hannunka. Ka sani kuma kaskon da aka soya dankalin, a ciki ake soya kaza.

Gidajen gyudon, wato shinkafa da siraran yankan naman sa a kai, su ne abinci mai zafi mafi arha a ƙasar, kwano a wajajen yen 500. Yoshinoya, wanda ya faro tun 1899 a kasuwar kifi ta Nihonbashi, da Sukiya da Matsuya, suna ko'ina. Ga ɗan'uwan da ba shi da takura a kan yanka, nan ne rufin asirinsa. Ga mai kiyayewa kuwa, amfaninsu shi ne tiren safe mai gasasshen salmon da shinkafa da ƙwai.

Sushi ba na masu kuɗi kaɗai ba ne

Kada ka dawo gida ba ka shiga gidan sushi mai zagayawa ba, inda ƙananan curin shinkafa da yankan kifi a kai suke zagayawa a kan bel. Wani mutumin Osaka, Yoshiaki Shiraishi, shi ya fara buɗe irinsa a 1958, yau kuma Sushiro, Kura Sushi da Hama Sushi sun cika ƙasar. Faranti mai curi biyu yana farawa daga wajajen yen 120 zuwa 150, ya danganta da unguwa. Za ka zauna, ka zaɓa a allo, farantin ya taho a kan bel ya tsaya a gabanka. Garin koren shayi yana kan tebur, famfon ruwan zafi yana jikin kanta, sai ka haɗa da kanka, kyauta. Faranti goma sun ƙosar da ƙato, kuɗin kuma bai kai yen 1,500 ba in ka tsaya a masu arha.

Na san abin da ke ranka: ɗanyen kifi. Ba dole ba ne. Akwai dafaffen jatan lande, akwai salmon da aka babbaka samansa da wuta (aburi suke cewa), akwai naɗin kokwamba. Ka fara da waɗannan, in zuciyarka ta kwanta ka gwada tuna guda. Koren abin nan, wasabi, zafinsa ba a harshe yake ba, hanci yake hawa har ido ya kawo ruwa, ka ɗan taɓa kaɗan tukuna. Sushi da hannu ake iya cinsa ba tare da kowa ya kalle ka ba. Farantin da ka riga ka ɗauka, ba a mayar da shi kan bel.

Da dare, babban kanti

Nan ne inda kuɗinka zai yi albarka. Ka bar konbini, ka tambayi inda suupaa yake, wato babban kantin unguwa, irin su Aeon, Seiyu, Life ko OK. Kaya iri ɗaya ya fi arha a can nesa ba kusa ba: ruwa lita 2 a wajajen yen 100, alhali ƙaramar gora a injin titi ta fi haka.

Daga wajen ƙarfe 7 na dare zuwa rufewa, ma'aikaci zai fito da ɗan inji a hannu yana manna sitika a kan dafaffen abincin da ya rage. Ka tsaya ka kalli yadda abin yake. Tsohuwa da kwandonta, ɗalibi da jakar goyo, ma'aikaci da ya kwance ɗamarar wuyansa, kowa yana zagaye kamar yana duba wani abu dabam, amma ido yana kan hannun mai sitika. Babu ture-ture, babu mai wafcewa daga hannun wani. Yana mannawa ya matsa, sai hannaye su miƙe a hankali. Babu abin kunya a ciki, haka 'yan gari suke yi. 2割引 na nufin an rage kashi 20, 3割引 kashi 30. In ka ga 50円引 yen 50 kawai aka cire. Wanda ake jira shi ne 半額, hangaku, rabin kuɗi. Tiren sushi na yen 1,000 ya koma 500, gasasshen kifi na 400 ya koma 200. Kowane kanti da lokacinsa, ka je daren farko ka lura, daga nan ka san sa'arka. Manyan kantunan alfarma irin su Isetan da Takashimaya su ma suna da kasuwar abinci a hawan ƙarƙashin ƙasa, ana rage farashi dab da rufewa, amma ko an rage sun fi na unguwa tsada.

A wannan kantin ne za ka gane cewa abincinsu bai yi nisa da namu ba kamar yadda ake zato. Tofu awara ce, ba wani abu ba, ƙulli guda bai kai yen 100 ba a wurare da yawa. Ka nemi atsuage, wadda aka riga aka soya bayanta ya yi ja cikinta fari. Ka ɗumama ta minti ɗaya a na'urar ɗumama abinci ta otal, ka yanka, ka barbaɗa yaji, sai ka rantse a bakin wata makaranta a Kano ka saya. Kuɓewa tana nan, sunanta ma okura. Riɗi yana kan kusan kowane abinci, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da Japan take sayensa daga wurinsu. Lokacin sanyi za ka ji ƙamshin gasasshen dankalin Hausa, yaki-imo, a bakin ƙofar kanti ko a shagunan Don Quijote, guda a wajajen yen 200 zuwa 300, zaƙinsa kamar an zuba zuma, kuma shi kaɗai abincin dare ne.

Sai natto, wanda Turawa suke gudu saboda wari da yauƙi. Waken suya ne da aka tsima, ɗan'uwan daddawa na jini, kuma hancin da ya saba da daddawa ba zai ga baƙo ba. Ƙananan robobi uku a ɗaure suna wajajen yen 100. Ka buɗe, ka cire siririyar ledar sama, ka juya shi da ƙarfi har ya yi fari yana zare kamar miyar kuɓewa, ka juye a kan shinkafa mai zafi. Ɗan ruwan ɗanɗanon da ke cikin robar ka duba shi, ko ka ajiye shi ka sa gishiri da yaji. Dafaffiyar shinkafa ta roba, wadda minti biyu take buƙata a na'ura, tana nan a kowane kanti. Ka haɗa da gwangwanin titus mai rubutun 水煮, wato wanda aka dafa da ruwa da gishiri kawai. Wannan abincin dare ne cikakke a ƙasa da yen 500.

Ka riƙe jakarka ta zuba kaya, don tun Yulin 2020 leda ta zama ta kuɗi. 'Ya'yan itace kuwa, ban da ayaba da lemon zaƙi na lokacin sanyi, kallo ya ishe ka.

Ranar da jiki ya nemi nama

Zai nema. In masaukinka yana da wurin girki, ka nemi Gyomu Super, kanti mai koren allo da ke sayar da kaya a sari. Suna da daskararriyar kazar Brazil mai tambarin halal a leda mai kilo 2, da sauran kayan da aka shigo da su daga ƙasashen Musulmi. A Tokyo, kana fitowa daga tashar Shin-Okubo akwai wani lungu cike da shagunan halal, inda za ka samu naman rago, shinkafa mai dogon ƙwaya da barkono mai zafin gaske. A kasuwar Ameyoko, tsakanin tashar Ueno da ta Okachimachi, Turkawa suna yanka kebab a tsaye. Masu harkar motoci da kayan gyara da suke zuwa gefen Saitama su nemi garin Yashio, inda 'yan Pakistan masu wannan sana'a suka yi yawa har suka buɗe gidajen abincinsu. Gidajen curry na 'yan Indiya da Nepal ma suna ko'ina, da rana a wajajen yen 1,000 kuma da yawansu suna ƙara gurasa kyauta, sai dai ba duka ne na halal ba, ka tambaya.

Ranar Juma'a ka je Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, masallacin da aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi a 2000 da tsarin Turkiyya. Akwai kantin halal a harabarsa. In kana yammacin ƙasar, gefen Osaka, masallacin birnin Kobe na 1935 shi ne mafi daɗewa a ƙasar, shagunan halal kuma suna kewaye da shi. Bayan an sallame ka gaisa da mutane ka tambaye su inda suke cin abinci, abin da za su gaya maka ya fi na kowace manhaja sabunta.

Tarkunan da ke kama baƙo

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne gwangwanin abin sha. Akwai wata giya mai suna chuhai da ake zanawa hoton lemo ko inabi a jiki, tana kama da lemon kwalba sak, kuma sau da yawa firijinta yana jere da na lemon gaske. Ka duba gaban gwangwanin: in ka ga お酒 a cikin da'ira, ka mayar. Ka nuna wa yaranka wannan alamar in da su kake tafe. Shayin gora kuwa, kore ko na sha'ir, ba shi da sukari ko ɗis.

Na biyu shi ne izakaya, wuraren da ke da jan fitila a ƙofa da hotunan abinci masu arha. Asalinsu mashaya ce. Wani dare ni da abokin tafiyata muka shiga ɗaya don mun ga kifi a allo, muna zama aka ajiye mana ɗan ƙaramin kwano da ba mu nema ba, muka ɗauka karamci ne. Da rasit ya zo sai ga kuɗinsa a kai, kowane mutum da nasa. Sunansa otoshi, kuɗin zama ne a fakaice, yen 300 zuwa 500 a kan kowane kai, kuma ana sa ran ka sayi abin sha. Ba zamba ba ce a wurinsu, al'ada ce, amma ba wurinmu ba ne.

Abincin akwati na tashar jirgi, ekiben, yana da kyan gani, sai dai yakan wuce yen 1,000 da nisa. In za ka doguwar tafiya, ka sayi naka a kanti kafin ka shiga tasha.

Ka koyi jimla uku. "Butaniku wa haitte imasu ka?", akwai naman alade a ciki? "Mirin wa haitte imasu ka?", akwai mirin? "Supuun o kudasai", a ba ni cokali. In ka tambaya, za ka ga mai hidima ya shige kicin ya daɗe, ya dawo da amsa ko ma da ledar kayan a hannunsa. Ka ambaci romo da kitse daban, domin wani in ka ce nama, yankan da ido ke gani kawai yake fahimta. Idan ya haɗa hannayensa biyu alamar gicciye, yana nufin babu ko ba zai yiwu ba, sai ka yi godiya ka nemi wani wurin.

In kana cin abinci da tsinkayensu, kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, duka biyun al'adun jana'iza ne a wurinsu. Zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne. Ba a tafiya ana ci a titi, ka tsaya a gefen shagon ka gama. Kwandon shara yana da wuyar samu, don haka ka riƙe 'yar leda a jaka ka zuba naka har ka koma masauki. A wuraren da ka ɗauko tire da kanka, kai za ka mayar da shi taga, ka goge gabanka da tsumman da aka ajiye. Kana fita ka ce "gochisousama deshita", godiya ce ga wanda ya dafa, za ka ji sun amsa daga cikin kicin.

Ranar komawa za ka tarar aljihunka ya yi nauyi da sulalla, kuma 'yan canji a gida ba sa karɓar su. Yawancin shagunan 7-Eleven suna da injin biya a gaban kanta wanda za ka juye masa tsabar gaba ɗaya ya ƙirga da kansa. Ka saya wa mutanen gida koren shayi da su, ka ɗauki onigiri biyu ka ci kafin a kira jirgi.